Neman Sawun Abdurrahman Zaite

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya saba da sunayen Madabo da Mandawari da Sheshe da Zaitawa. Kullum muna ambatonsu idan za mu tare mai adaidaita ko za mu yi wa baƙo kwatance, amma da wuya mu tsaya mu tambayi inda suka samo asali. Wanda ya tambaya kuwa, amsa ɗaya zai ji daga bakin manya: Wangarawa ne suka zo daga ƙasar Mali, suka sauka a waɗannan wurare, shugabansu kuma wani malami ne mai suna Abdurrahman Zaite, wanda wasu ke kira Zagaiti. Har zuwa nan babu gardama.

Gardamar tana farawa ne idan aka ƙara tambaya ɗaya: wane sarki ya tarar a kan gadon Kano? Muna da rubutattun shaidu guda biyu da suka amsa wannan tambaya, kuma tsakanin amsoshinsu akwai ratar da ta kai shekara ɗari. Ɗaya ta fito daga ɓangaren fada, ɗaya daga ɓangaren zuriyar malamin kansa. Dukansu da Larabci aka rubuta su, dukansu a Kano, kuma kowace tana magana kamar babu wata.

Shaida ta farko ita ce littafin tarihin sarakunan Kano, wanda ya faro daga Bagauda ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello, wato ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci ya buga a 1908, daga baya kuma aka sa fassararsa ta Hausa a cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Daga nan ne mafi yawanmu muka samo abin da muka sani, ko da ba mu taɓa riƙe littafin ba, domin shi aka juye cikin littattafan makaranta.

A ruwayar wannan littafi, Wangarawa sun iso ne a zamanin Yaji, sarki na 11, wanda Palmer ya lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Su wajen arba'in ne, Abdurrahman Zaite yana gaba. An ambaci wasunsu da suna, irin su Mandawari da Famori da Sheshe da Gurdamus da Lawal da Auta. Suka kira sarki zuwa ga salla, ya amsa. Aka raba musu ayyuka: Gurdamus limamin sarki, Lawal ladani, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa, Zaite kuma alƙali. Aka gina masallaci a gindin bishiyar da mutanen gari suke girmamawa. Masu adawa suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi, har sai da Musulmin suka taru suka yi addu'a, masu aikin suka makance. Bayan haka Yaji ya fita yaƙin Santolo, garin da ya gagari magabatansa, Wangarawa suna biye da shi da addu'a, ya ci garin.

Labari ne mai tsari, kowa da muƙaminsa, kuma sunayen cikinsa suna nan a bakinmu a matsayin unguwanni. Shi ya sa aka daɗe ba a ga dalilin tuhumarsa ba.

Sai a 1968 Muhammad al-Hajj, masanin tarihi da ya koyar a Kano, ya buga wata takarda a mujallar Kano Studies tare da fassararta. An san ta da sunan Aslul Wangariyyin, wato asalin Wangarawa. Marubucinta bai sa sunansa ba, amma tana ɗauke da shekarar 1061 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1650 zuwa 1651, jim kaɗan bayan zamanin Sarki Kutumbi. Ke nan ta girmi littafin sarakuna da fiye da shekara ɗari biyu. Takarda ce irin ta salsala, wadda aikinta shi ne ta nuna daga ina kaka ya fito, yaya ya zo, su wa suka fito daga tsatsonsa.

Ita kuma ga abin da ta ce. Shehu Abdurrahman ya bar Mali a shekara ta 835 bayan Hijira da niyyar aikin hajji. Sarkin Mali bai so rabuwa da shi ba, ya nemi hana shi ƙetare kogi, amma ya ƙetare ta hanyar karama. Jama'a mai yawan gaske ta biyo shi, wadda ta ninka arba'in sau da yawa. Suka ratso ta Gobir da Azbin da Katsina, a kowane wuri wasu suna yada zango su zauna. Da suka iso Kano, sarkin da ya tarbe su shi ne Muhammadu Rumfa, kuma zuwan nasu ya haɗu da zamanin Shehu Magili. Malamin da ya fito don Makka sai ya zauna a Kano.

Rumfa shi ne sarki na 20. A lissafin Palmer ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tsakaninsa da Yaji akwai sarakuna takwas: Bugaya, Kanajeji, Umaru, Dauda, Abdullahi Burja, Dakauta, Atuma da Yakubu. Daga mutuwar Yaji zuwa hawan Rumfa shekara 78 ce. Mutumin da ya riga ya kai matsayin alƙali a gaban Yaji ba zai zama baƙon da Rumfa ya tarba ba. Dole ɗaya daga cikin takardun ta ajiye shi a inda ba wurinsa ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne mu ce tsohuwar takarda ta fi gaskiya, mu rufe magana. Akwai hujja a haka. Marubucin 1650 yana da tazarar shekara 150 kacal daga mutuwar Rumfa, kuma yana zaune cikin mutanen da suke lissafa kakanninsu zuwa ga Shehun. Wanda ya haɗa littafin sarakuna kuwa yana magana ne kan abin da ya wuce shi da shekara ɗari biyar. Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu yi wa takardar gida irin tambayar da muka yi wa ta fada, domin ita ma tana da nata tuntuɓen.

Shekara ta 835 bayan Hijira ita ce 1431 zuwa 1432. A lissafin Palmer, wanda ke kan gadon Kano a lokacin Dauda ne, ba Yaji ba, ba Rumfa ba. Daga wannan shekara zuwa hawan Rumfa akwai shekara talatin da ɗoriya. Zuwan Magili kuwa muna da abin kamawa a kansa wanda bai dogara da ruwayar Kano kaɗai ba. Muhammad bin Abdulkarim al-Magili mutumin Tilimsan ne, ya zauna a Tuwat, ya rubuta wa Rumfa wasiƙa mai ɗauke da shekarar 897, wato 1491 zuwa 1492, sannan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammad, wanda ya hau mulki a 1493. Idan Zaite ya bar Mali a 1431 yana malamin da har sarki ke ƙyashin rabuwa da shi, kuma ya haɗu da Magili a Kano wajen 1492, tafiyar ta ci shekara sittin ke nan, shi kuma ya iso yana tsoho tukuf wanda ya doshi ɗari.

Ana iya cewa ayari irin wannan ba ya sauri. Gaskiya ne, alhazan da suka bi ta ƙasa sukan shekara da shekaru a hanya, su yi noma a nan, su koyar a can, wasu a haife su a zango su girma kafin a tashi. Amma shekara sittin ta yi yawa ga mutum ɗaya. Ana kuma iya zargin alƙalamin mai kwafi. Takardun da suka iso mana ba na hannun marubutansu na farko ba ne, kwafi ne daga kwafi, kuma lamba ɗaya tana iya sauyawa a hannun wanda ido ya gaza masa. Da a ce 895 aka rubuta, da ta faɗo 1489 zuwa 1490, komai ya zauna daram da zuwan Magili. Wannan zato ne kawai, kuma ba mu da ikon gyara takarda don ta dace da abin da muke so. Abin da za mu iya faɗa shi ne takardar gida ta ba mu shekara ɗaya da sarki ɗaya waɗanda da ƙyar suke zama inuwa ɗaya.

Idan muka koma littafin sarakuna muka karanta babin Rumfa a natse, sai mu ci karo da wani abin mamaki. Ya ce a zamanin Rumfa Sharifai suka zo Kano, shugabansu kuma sunansa Abdurrahman. Ya taso daga Madina da ƙasar birnin a cikin jaka, yana gwada ta da ƙasar kowane gari har ya sami wadda ta dace a Kano. Ya zo da littattafai da yawa, ya umarci Rumfa ya gina masallacin Juma'a, ya sare bishiyar tsafi ya kafa hasumiya a gurbinta. Amma da aka zo ƙarshen labarin, inda za a ce ya koma Masar ya bar Sidi Fari a madadinsa, sai littafin ya kira shi Abdulkarim.

Mutum ɗaya, suna biyu, a babi ɗaya. Abdulkarim sunan mahaifin Magili ne, kuma Sidi Fari shi ne wanda Sharifan Kano suke danganta kansu da shi, saboda haka babu shakka Magili ake nufi a ƙarshen labarin. To daga ina Abdurrahman ya shigo? Ba sunan Magili ba ne. Sunan Zaite ne. Wannan yana iya nufin cewa a bakin mutanen da aka karɓo labarin daga gare su, akwai wani Abdurrahman da ake tunawa tare da Rumfa da masallaci da bishiya, wanda a hankali labarinsa ya cakuɗe da na Magili har suka zama mutum guda. Idan haka ne, littafin fada ya ba da shaida ga takardar gida ba tare da ya sani ba.

Sai dai bai kamata wannan ya sa mu share babin Yaji gaba ɗaya ba, domin littafin yana da wasu bayanai da ba su da riba ga kowa, irin waɗanda ba a ƙirƙira don yabo. Ya ce Sarki Umaru, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1410 zuwa 1421, malami ne mai yawan ibada, kuma almajirin Ibrahim ɗan Gurdamus ne. Gurdamus shi ne wanda aka ce limamin Yaji ne. Uba a zamanin Yaji, ɗa yana koyar da jikan Yaji: wannan lissafi ne da ya hau kan tsawon rayuwar mutane ba tare da an ja shi ba. Haka kuma littafin ya ce a zamanin Yakubu, wanda Rumfa ya gada, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, kuma kafin nan malaman Kano suna da Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da hadisi. Ke nan akwai malamai da littattafai a Kano tun kafin Rumfa ya hau. Har labarin Kanajeji, ɗan Yaji, wanda ya koma ga al'adun Tsibiri don neman nasara a kan Zazzau, yana nuna akwai wani abin da aka karɓa a baya wanda shi ya juya wa baya.

Daga wajen Kano ma muna da mai shaida. Ibn Battuta ya ratsa Mali a 1352 zuwa 1353, shekarun da suka faɗo cikin zamanin Yaji a lissafin Palmer. Ya ga 'yan kasuwa baƙar fata da ake kira Wanjarata a wani gari mai suna Zagari. Ya kuma ambaci garin Zaga, ya ce mutanensa sun daɗe cikin Musulunci, masu riƙon addini ne da neman ilimi. Masana da yawa suna ganin Zaga ita ce Diya ta yankin Masina a Mali ta yau, kuma suna danganta laƙabin Zagaiti da ita. Da ya isa Takedda, ya ce ana kai tagullarta zuwa Gobir da Barno. Wato a tsakiyar ƙarni na 14 hanyar da ta haɗa Mali da bakin ƙasar Hausa a buɗe take, kuma Wangarawa su ne 'yan kasuwar wannan daula. Babu abin da zai hana wasunsu isa Kano a lokacin Yaji.

Ya kamata mu tuna kuma cewa su kansu shekarun 1349 da 1463 ba a cikin littafin sarakuna suke ba. Littafin tsawon mulki kawai yake bayarwa: wane ya shekara kaza, wane ya yi wata kaza. Palmer ne ya tara su ya lissafo baya daga zamanin jihadi, har ya kai Bagauda ga shekarar 999. Wasiƙar Magili ta tabbatar mana cewa lissafin bai kauce sosai ba a kan Rumfa. A kan Yaji kuwa babu irin wannan turke, kuma kuskure kaɗan a mulkin sarki biyu ko uku ya isa ya matsar da shi gaba ko baya.

Idan muka haɗa waɗannan duka, abin da ya fi kama hankali shi ne zuwan Wangarawa ba sau ɗaya ba ne. Wasu sun riga, 'yan kasuwa da limamansu, suka sami shiga fada a wajen zamanin Yaji. Wasu sun biyo baya a ƙarni na 15, ayari mai malamai, cikinsu har da wanda sunansa ya fi na kowa tashi. Da shekaru suka tura, sai sunan babban ya haɗiye na sauran. Mai ba da labarin zuwan farko yana buƙatar shugaba, sai ya ɗauko sunan da kowa ya sani ya ɗora a gaba. Mai rubuta salsalar gida kuma ba ruwansa da waɗanda suka riga kakansa zuwa, don haka ya fara tarihi daga ranar da kakan ya sauka.

Kowace takarda tana da abin da take karewa. Littafin sarakuna yana auna komai da mulki, kowane sabon abu sai an rataya shi a wuyan wani sarki, kuma a tsarinsa shigowar Musulunci ta zo daidai da cin Santolo, wato addini da nasarar sarauta suka shigo ta ƙofa ɗaya. Takardar Wangarawa kuwa an rubuta ta a lokacin da Kano ta cika da gidajen malamai masu asali daban-daban, Sharifai da Fulani da Barebari da Larabawa, kowa yana da abin tinƙaho. Gidan da ya iya nuna cewa kakansa ya zauna da Rumfa, kuma tsaran Magili ne, ya sami hujjar riƙe limanci da alƙalanci da kujerar karatu. Wannan ba ya nufin marubucin ya yi ƙarya. Yana nufin ya zaɓi abin da zai tuna, kamar yadda kowannenmu yake yi idan ana maganar gidansu.

Wannan ne ya sa labarin Zaite ya shafe mu ko da ba mu da jini da Madabo. Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa da ba shi da irin wannan kaka: wanda ya zo daga gabas, ko daga Barno, ko daga Malle, ko daga Agadas, a zamanin wani sarki da ake ambata da ƙarfin gwiwa. Idan aka bi diddigi, sai a tarar ɗakin wannan kaka suna faɗin wani sarki, ɗakin waccan suna faɗin wani. Sau da yawa sunaye suna maimaituwa, domin muna mayar wa jika sunan kakansa, sai Muhammadu uku su dunƙule su zama ɗaya, salsalar da ya kamata ta kai mutum goma ta tsaya a shida. Sau da yawa kuma sunan gari yakan zama sunan mutum, ko laƙabi ya rabu da mai shi ya koma kan ɗansa. Abin da ya sami Abdurrahman da Abdulkarim a babin Rumfa yana faruwa a zaurukanmu.

Abin da muka saba yi idan muka tarar da saɓani shi ne mu zaɓi ruwayar da ta fi daɗi mu binne ɗayar. Wani lokaci ma mai sake kwafin takarda yakan gyara abin da ya ga kamar kuskure ne, da kyakkyawar niyya. Da wanda ya kwafi littafin sarakuna ya yi haka, ya mayar da Abdurrahman ya zama Abdulkarim tun daga farkon babin don magana ta daidaita, da mun rasa alama mafi ƙarfi da ke haɗa takardun biyu. Da mai kwafin Aslul Wangariyyin ya goge 835 saboda ba ta dace da Rumfa ba, da ba mu san akwai abin tambaya ba. Kurakuran da aka bari a wurinsu su ne suka ba mu abin bi.

Yau kusan kowannenmu yana riƙe da wayar da za ta iya ɗaukar hoton takarda da muryar tsoho. A gidaje da yawa akwai gafaka ko adaka da ke ɗauke da takardun gado da wasiƙu da salsala, gara da damina suna cin rabonsu kowace shekara. Wanda ya sami irin wannan, ya ɗauki hoton kowane shafi yadda yake, har da gefen da aka yi ƙari da wani tawada. Ya tambayi wa ya rubuta, daga wace takarda ya kwafa. Idan ya je wurin tsofaffi, ya ji ta bakin mata kamar yadda zai ji ta bakin maza, domin sau da yawa su ne suka riƙe sunayen da salsalar maza ta zubar. Idan ruwaya biyu suka saɓa, ya rubuta duka biyun, kowace da sunan wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗa.

Game da Zaite kuwa, ga inda muka tsaya. Ya fito daga ƙasar Mali, daga cikin Wangarawa, kuma laƙabinsa yana nuni zuwa Zaga. Ya zauna a Kano, zuriyarsa da almajiransa suka riƙe karatun fiƙihun Malikiyya, har Madabo ta zama makarantar da ake zuwa daga nesa. Shaidu sun fi karkata ga cewa Rumfa ya tarar, kuma ya tarar da 'yan uwansa Wangarawa da suka riga shi da zuriya biyu ko uku. Takardun biyu har yanzu ba su sasanta ba, kuma mai son ya duba da kansa zai iya farawa da babin Yaji da babin Rumfa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya yana lura da sunayen.